Gicciyen Umm Abanub

"Ko allura, ko zoben aure! Zaɓi ɗaya, Irini."

Haka Umm Abanub, mahaifiyar saurayina, ta faɗa tana tsaye a bakin rumfarmu, ana tsakiyar bikin Maryamu a dutsen Durunka. Ɗan nata Abanub yana bayanta, duk ya jiƙe da gumi.

Sana'ar gidanmu ke nan, zana wa Kiristoci gicciye da allura a fatar wuyan hannu. Da idon Baba ya yi rauni sai na karɓi allurar, kuma wallahi ina son aikin nan kamar raina.

"Mama, don Allah..." in ji Abanub.

"Rufe min baki! Matar ɗana ta wuni tana riƙe hannun ƙattin maza? Littafi Mai Tsarki cewa ya yi mace ta kula da gidanta."

"Haka ne, Mama," na ce. "Amma abin da ke ɗaure min kai, Lidiya ta cikin Littafin, mai sayar da tufafin shunayya fa? A ɗaki take cinikinta? Biriskila ma tare da mijinta suke ɗinkin tanti."

"Iyye! Yau kuma fadan coci muka samu a gidan?"

Ta ɗaga hannu tana nuna ni. Ni kuwa ina da wani hali: kafin in kalli fuskar mutum sai na kalli wuyan hannunsa. Gicciyenta ya koɗe, amma ƙasansa akwai ɗigo uku a jere. Mu kaɗai ke sa ɗigo, kuma ni da Baba ɗigo biyu muke sawa.

"Mama, wa ya yi miki wannan?"

"Ina ruwanki? Ina jaririya aka yi min."

Na kira Baba daga cikin rumfa. Ya nemi izini, ya kawo hannunta dab da idonsa.

"Hannun mahaifiyata ne," ya ce. "Ɗigo ɗaya kan kowane ɗa. Bayan rasuwar babanmu shekara tara ta yi a rumfar nan, da allurar nan ta ciyar da mu uku."

Umm Abanub ta tsura wa hannunta ido. Shekara sittin tana sumbatar gicciyen nan bayan kowace addu'a, ba ta taɓa tambayar wa ya zana shi ba. Tausayinta ya kama ni.

"Mace ce ta yi?" ta ce a hankali.

Abanub ya matso kusa da ni. "Hasken idona, ni dai da allurarki na gan ki, da ita nake son ki."

"Kai, matsa can, ka tare mata haske!"

Umm Abanub ta zauna kan bencin rumfar, ta ja hannun riga, hawaye na zubo mata.

"Ya koɗe, 'yata. Bi kan sawun kakarki... kuma kada ki taɓa min ɗigon nan."