Tambarin Baban Auta

"Mama, don girman Allah ki koma gida!"

"Sakar min mayafi, Auta, ko in mare ki a gaban masu kwat ɗin nan!"

Ta sake ni. Ita aka ajiye a teburin ƙofa tana raba wa baƙi katin rataya a wuya, ranar taron ƙungiyar injiniyoyi masu ƙera jiragen ruwa da dandamalin haƙar mai a teku. Ni ban yi boko ba. Abin da na sani, yau Dogo, saurayinta, zai hau ya yi bayani kan dandamalin da ƙafarsa ta tsage shekara shida da suka wuce. Wanda aka ce waldar mijina, Malam, ce ta jawo.

Kowane mai walda yana da tambarinsa na ƙarfe, in ya gama aiki ya buga a gefe. An ga na Malam a wurin tsagar, aka kore shi, aka ƙwace takardarsa. Alhali a satin nan yana kwance a ɗaki, hasken walda ya ƙone masa ido, ni ke matsa masa tsumma mai sanyi ina ba shi abinci a baki! Injiniyan da ke kula da aikin ne ya buɗe akwatinsa, ya miƙa tambarin ga wani marar takarda, wai kada aiki ya tsaya. Tun daga nan Malam bai sake leƙa bakin ruwa ba. Ko masallaci sai an tayar da salla yake fita, kada ya haɗa ido da kowa.

Kuma Dogo ya sani. A kan tabarmata ya zauna ya ce ya ga sunan Malam a littafin marasa lafiya na wurin aikin, na wancan satin.

"Mama, injiniyan nan shi ne ogansa yanzu," in ji Auta. "Shi ne shugaban taron! In ya faɗa, aikinsa ya ƙare..."

"Na ubanki bai ƙare ba?"

"Ina son shi, Mama... Wallahi ina son shi."

"Ni ƙin ubanki nake?"

Na ture ƙofa na shiga.

Sanyi kamar ɗakin ajiye gawa. Kujeru cike da manya, kowa da gorar ruwa a gabansa. Dogo na tsaye da sanda mai jan haske, majigi ya haska hoton ƙarfe a bango, babba kamar ƙofar gida. Ban iya karatu ba, amma na gane tambarin. Shekara ashirin ina cire shi daga aljihun wando kafin in yi wanki.

Ya gama, aka tafa, aka ce mai tambaya. Na fizge makirufo daga hannun wani mai tabarau.

"Kai Dogo! Ranar da aka buga wannan, ina mai shi yake?"

Aka fara ƙus-ƙus. Oga ya juyo daga kujerar gaba yana murmushi. "Mama, nan taron masana ne."

"Ba da kai nake ba, mai ɗan hannu! Ɗana, dube ni. Ka ci a kwanona, ka ce min Mama. Faɗa musu abin da ka gani a littafin nan."

Dogo ya dube ni. Ya dubi Auta da ke bakin ƙofa tana toshe baki da hannu. Sannan ya dubi ogansa, ya daɗe.

"Mama... rahoton ya riga ya fita. Ba ni da abin ƙarawa."

Masu gadi biyu suka kama ni. Auta ta ce, "Kada ku taɓa min uwa!" Ta cire katin wuyanta ta ajiye a tebur, ta ja hannuna.

A matakala Dogo ya cim mana yana haki.

"Rabin raina, tsaya! Ki ba ni shekara ɗaya, in na samu gindin zama zan faɗa, na rantse!"

"Shekara ɗaya?" in ji Auta. "Kai ka san Baba zai kai?"

Ba ta waiwaya ba. Amma a cikin mota ta kifa kai a cinyata tana kuka kamar ranta zai fita, har ta jiƙa min zani. Na buɗe baki in ce ta huta da matsoraci, sai kawai na shafa kanta.

Mun tarar da Malam a ƙofar ɗaki, ya sa wankakkiyar riga, abin da rabonsa da yi an daɗe.

"Ya faɗa?"

Na girgiza kai.

Ya dubi idanun 'yarsa da suka kumbura. "Zo nan, uwata. Ki kira shi. Ni na tsufa, me zan yi da suna? Na yafe masa, a ɗaura muku aure."

Ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa.

"A'a Baba. Kullum na ajiye masa abinci, zan tuna yadda ya dubi ogansa."

Wayarta ta hau ruri a jaka, mun san Dogo ne. Mu uku muna ji, babu wanda ya motsa, har ta katse.