Nonon Filin Ƙwallo

"Na ce ba za a yi auren nan ba! Ko Madina ce za ta taru a ƙofar gidan nan, ba za a yi ba!"

Hajiya Tasallah ce take wannan faɗa, tana tsaye a tsakiyar falonta a unguwar Uhudu da ke Madina, da ludayi a hannu kamar mai shirin kwaɗa wa wani. Autarta Sundus tana zaune a ƙasa, idanu sun yi jawur.

"Ummi, ni fa ban sha nonon nan ba. Shi ma Saif bai sha ba."

"Rufe min baki! Nono ya shiga tsakanin gidanmu da nasu, khalas, an gama magana. Ke kin san nono? Ni na san shi."

A gefe kuwa maƙwabciyarsu Ƙaltume tana kurɓar shayi, tana gyaɗa kai kamar abin ya dame ta. Ita ta kawo zancen. Kuma kowa a layin ya san tana da ɗa tuzuru da ta daɗe tana yi wa sha'awar Sundus.

Bari in koma da ku baya, don ku ji inda aka ƙulla abin.

Tun da aka buɗe wa mata ƙofar filin wasa, Ikram, yayar Sundus, ba ta yarda wasa ya wuce ta. Ko da ta haihu ba ta fasa ba. Sai ta toshe wa jaririyar kunne, ta rataya jaka, ta ja Sundus su tafi ɓangaren iyali. In yarinya ta nemi nono, ta saka ta cikin abaya, idonta na kan ƙwallo.

Wata la'asar cikin sanyi, kulob ɗin garinmu ya ci. Fili ya ɗauki ihu. Wani saurayi da ke gabansu, da jariri a ƙirji, ya daka tsalle. Kwalbar madarar da ke hannunsa ta tashi sama, ta gangara matakala, aka tattake ta. Yaro ya tsala kuka.

Sundus ta taɓe baki, ta ce da Hausa, don a zatonta ba wanda zai ji, "Yaya, dubi wannan. An ba shi amanar ɗa, ya bi ƙwallo. Allah ya raba mu da irin wannan miji."

Saurayin ya waiwayo. Dogo ne, da wushirya.

"Amin," in ji shi, da Hausarsa mai ƙamshin Larabci. "Amma ni kawu ne, ba uba ba. Kuma ba ni da mata, in tambayar ke nan."

Sundus ta ji kamar ta nutse cikin kujera.

Ashe uwar yaron, Hidaya, yayar wannan saurayi Saif, ta sauka ne ta yi alwala, cunkoso ya riƙe ta. Yaro kuwa, mai suna Idrisa, ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Ikram ta kasa jurewa.

"Kira uwarsa a waya. In ta yarda, miƙo shi."

Hidaya ta yarda. Idrisa ya shiga abayar Ikram ya yi tsit. Sundus ta karɓi jaririyarsu tana jijjigawa, Saif yana tsaye da hannu biyu ba abin riƙewa, sai kallonta yake.

"Malam, ƙwallon tana can gaba," ta ce.

"Na gani. Alƙaliyar ce a baya."

Daga ranar aka zama 'yan layi ɗaya. Hidaya ba ta da wadatar nono, don haka duk wasa sai Idrisa ya sha wurin Ikram har ya ƙoshi. Su kuwa waɗancan biyun, lambar waya ta riga ta wuce daga hannun yaya zuwa hannun yaya.

"Alƙaliyata, ranar Juma'a akwai wasa. Na sayi kwalba biyu, ɗaya don Idrisa, ɗaya don in jefar in kin ƙi kallona."

"Mai Kwalba, jefar da duka biyun. Ni ƙwallo nake zuwa kallo."

"To gaya min nawa da nawa aka tashi wancan makon."

Ta daɗe tana kallon wayar tana murmushi. Ba ta sani ba. Wallahi ba ta sani ba.

Da zafi ya shigo aka tafi hutun wasa, manyan Saif suka zo gaisuwa. Hajiya Tasallah ta karɓe su hannu biyu, ta turara falo, ta dafa shinkafa da rago. Mahaifin Sundus ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, don haka maganarta ce magana. Har an fara zancen rana, sai ga Ƙaltume da labarin nonon fili, ta ƙara masa gishiri da yaji.

Kun ji mafarin faɗan.

Mako uku Sundus ba ta fita ba. Ta rame, ta daina tsokanar kowa. Saƙon Saif kaɗai ke shigowa.

"Habibti, na tambayi malamai biyu, duk sun ce babu komai. Ki gaya wa Umma."

"Na gaya mata. Ta ce malaman waya ne. Saif, ban taɓa ganin Ummi haka ba. Ba fushi take ba, tsoro take ji."

"To ni ba inda za ni. In an hana ni kujerar gaba, zan zauna a ta baya in jira."

Ana cikin haka dabino ya nuna. Kamar kowace shekara, aka kawo kwali daga Khaibar. Tun Sundus tana yarinya ta san wannan kwali. A jikinsa ana rubuta, "Daga ɗan'uwanki Zakiru." Ba ta taɓa ganin mutumin ba. Kuma ba ta taɓa ganin uwarta ta kai ko ɗaya baki ba. Rabar da shi take a layi tas, har Ƙaltume ta samu.

Ranar da hantsi Sundus ta tarar da uwarta zaune gaban kwalin, ba ta buɗe ba.

"Ummi, wane ne Zakiru?"

Hajiya Tasallah ta ɗora tafin hannu a kan rubutun. Can ta ce, "Kin san inda shagunan carbi suke, wurin da motocin maziyarta ke tsayawa? Da fili ne. Filinmu."

Sai ta kama ba da labari, muryarta ta canja.

A wancan zamani, in ji ta, babu kujera, babu fitila. Ƙasa ce ja a gindin dutse, an kafa kututturen dabino biyu nan, biyu can. Ranar Juma'a in an sauko la'asar, mazan unguwa su tuɓe takalmi su shiga. Akwai Bakano, akwai ɗan Damagaram, akwai wanda kakansa ya tako da ƙafa daga Chadi, kowa da irin Hausarsa, ana zagin juna ana dariya. Mata kuwa suna bayan wata guntuwar katanga a kan tabarmi, da butar shayi da ƙosai, suna leƙe ta inda bulo ya faɗi. Jarirai a zube a tsakani. Wanda ya yi kuka, wadda ke kusa ita ce uwarsa. Ba mai rubutawa, ba mai tambaya.

"A nan na girma. A nan na ga Zakiru, shi ke tsaron raga. In ya kama ƙwallo sai ya waiwayo wajen ramin katangar nan, don ya san idona ne a wurin."

"Sai me ya faru, Ummi?"

"Saura kwana tara a ɗaura mana aure. An ɗinka kaya, an jiƙa lalle. Sai wata tsohuwa ta dawo daga Sudan, ta ji sunan ango da amarya, ta dafe ƙirji. Ta ce shekarar da aka haife ni uwata ta yi ta zazzaɓi, uwar Zakiru ce ta yi ta ba ni nono a bayan katangar nan, Juma'a bayan Juma'a. Aka tambaya, mata uku suka tuna."

Ta shafa kwalin.

"Ya tattara ya koma Khaibar. Na auri babanku, mutumin kirki, ban taɓa kuka da shi ba. Amma kwana taran nan, Sundus, ba na so ki san su. Gara ki yi kukan yanzu da ki yi shi da lalle a hannu."

Sundus ta kwantar da kai a cinyar uwarta, suka yi kukan tare. Da ta tashi ta rubuta wa Saif.

"Mai Kwalba, kada ka ƙara turo fatawa. Ka kawo mutum mai furfura, wanda zai zauna ya sha shayinta, ya yi mata Hausa."

Ranar Asabar Saif ya zo da Malam Ɗanmusa, wani dattijo ɗan Najeriya da ke koyarwa a jami'a. Ƙaltume ta riga kowa zama. Malam ya sha shayi kofi biyu, ya yaba na'ana'ar, ya tambayi asalin kakannin Hajiya, har suka gano garinsu ɗaya da kakarsa. Sannan ya gyara zama.

"Hajiya, wa ya ba da nonon?"

"'Yata Ikram."

"Wa ya sha?"

"Idrisa."

"To Idrisa ne ya zo neman auren Sundus?"

Ikram ta tuntsure da dariya a bakin ƙofa. Idrisa kuwa yana kan cinyar uwarsa yana tsotsar babban yatsan ƙafarsa.

"Malam, ba wasa nake ba," in ji Hajiya.

"Ni ma haka. Idrisa ya zama ɗan Ikram. 'Yarta ƙanwarsa ce ko yayarsa, babu aure tsakaninsu har abada, ku rubuta wannan ku ajiye. Sundus ta zama innarsa. Amma nonon a cikin wanda ya sha yake tsayawa, da 'ya'yan da zai haifa. Ba ya hawa sama ya kama kawunsa. Saif bai sha ba, Hajiya."

Ƙaltume ta ajiye kofi. "Amma Malam, a da mun ji ana cewa..."

"A da ma haka yake, baiwar Allah."

Hajiya Tasallah ba ta yi murna ba tukuna. Ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, kamar yarinya, "Malam, to nawa fa? Ni ce na sha nonon uwar Zakiru, wanda na so aura. Shekara arba'in ke nan da aka raba mu. Ko mu ma kuskure aka yi mana?"

Sundus ta dubi Malam, ba ta san wace amsa ce za ta fi yi wa uwarta ciwo ba.

"A'a, Hajiya. Ku gaskiya aka gaya muku. Ba a cuce ki ba. Ɗan'uwanki ne, kamar ciki ɗaya."

Ta daɗe tana gyaɗa kai. Hawaye na zuba, amma fuskar ta saki.

"Shekara arba'in yana rubuta min haka a kwali," ta ce, "ni kuwa ina jin haushin rubutun."

Ta jawo kwalin, ta yage bakinsa, ta ɗauki dabino ɗaya ta kai baki. Ta tauna a hankali. Sannan ta tura sauran gaban Saif.

"Ci, ɗana. Na kawun matarka ne. Kuma in ka ƙara jefar da kwalbar jariri, ni da kai ne."

Saif ya durƙusa har ƙasa. "Umma, na tuba."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Wani tsoho siriri ya zo daga Khaibar da mota cike da dabino, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula. Hajiya Tasallah ta fito ba ko mayafin kirki, ta ce, "Yaya Zakiru, ka tsufa." Ya ce, "Ke ma ba a bar ki a baya ba." Suka zauna suna lissafa 'yan wasan filin nan ɗaya bayan ɗaya, wa ya rasu, wa ya koma Jidda, wa ya taɓa cin gidansu. Shi ya sa wa ango da amarya albarka, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai yawan nono. Mata suka rangaɗa guɗa. Allah ya amsa, ya sa mu ma mu ga na jikokinmu.

Ya kuwa amsa, don shekara na zagayowa Sundus ta haifi namiji, Sufyan.

Yana da wata huɗu, wata Juma'a, Hajiya ta shigo gidansu ta tarar ana cusa kaya a jaka.

"Ina za ku da yaron nan?"

"Fili, Ummi. Yau wasan ƙarshe."

"Fili! Da jariri! Ba ku ji jiki ba ke nan?"

"Umma, na riƙe kwalbar da kyau yanzu," in ji Saif.

"Kai yi min shiru. Ita ta bi ƙwallo da ido, kai ka daka tsalle, wata ta ɗauke min jika ta cusa a abaya, shekara ashirin a zo ana tambayar wa ya sha na wa!"

"To mu bar miki shi?"

"Ku bar min shi da me? Ni nono gare ni?"

Ta fizgi jakar daga hannun Saif ta rataya, ta saɓi Sufyan a kafaɗa. A aljihun abayarta kuwa ga ɗan littafi da biro sun leƙo, ga kuma tutar kulob a naɗe, sabuwa fil.

"Duk wadda ta ba wani nono a layinmu yau, sai na rubuta sunanta. Kuma ni ce a kujerar gaba, na gaji da leƙe ta ramin katanga. Yalla, in kun ga dama ku taho!"

Ta fice, ta bugo ƙofar garam.