Sha Biyun Rana a Hanyar Eu

"Kowa ya kwanta! Kowa!"

Mutum ɗaya ne a shagon. Hautot, mai sayar da tsofaffin kaya a bayan kasuwar Dieppe a Faransa, ya dubi bakin bindigar, ya ce gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa tun bara.

"To zauna!" Régis Ternisien ya daka masa tsawa ta cikin safar da ya rufe fuska da ita. "Gaëtan, ɗaure shi!"

"Oga, kai ka ce ba a kiran suna."

"Ɗaure shi, don ubanka!"

Gaëtan ya ɗaure shi a kujera da igiyar labule. Sannan na ukunsu ya shigo a hankali, yana goge takalmi a bakin ƙofa. Kawu Prosper Gréboval ne, yayan Marthe, mahaifiyar Régis. Ya haura saba'in. Safar ta hana shi sa tabarau, sai ya cire ta ya cusa a aljihu, ya gaida mai shago.

Su ukun 'yan garinmu ne, Saint-Nicolas. Ina Kanada ina karatu aka rufe masana'antar agogo. Da na dawo na tarar da rabin gari zaune a bakin taga. Régis ya taɓa zaman gidan yari, an kuma gaya masa in ya koma zai daɗe. Gaëtan yana tuƙa wa yayarsa motar cuku. Kawu Prosper ba ya ƙaunar komai a duniya sai agogon tafiya, mai akwatin tagulla da gilashi da mariƙi a ka, irin wanda attajiran dā ke ɗauka a keken doki. Régis bai san mai tsada da na banza ba. Shi ya sa ya zo da tsohon, bayan ya rantse masa cewa wani ɗan Beljiyam ne zai saye su, mutumin kirki, mai ɗaki na musamman da danshi ba ya shiga.

"Kawu, zaɓa. Da sauri."

Tsohon ya bi kanta ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauko wani, ya buɗe ƙofar bayansa, ya kai ido.

"Wannan aikin Paris ne," in ji Hautot daga kujera. "Duba sunan da ke fuskarsa."

"Sunan ne na Paris. Paris rubuta suna kawai ta iya. Cikin nan a garinmu aka ƙera shi. Ka ga gugar magagarin nan? Hannun kakana ne. Bahago ne."

"Ba ka da shaida."

"Kai ne za ka nemi shaida? Kai da ka cire masa kayan asali a sama ka dasa sabo na Suwizalan? Ɗan fashi kawai!"

"A haka na saye shi!"

"Kawu!" Régis ya buga ƙafa. "Mu ne 'yan fashin! Zaɓa mu ware!"

Gardamar ta ci lokaci. Tara ya zaɓa. Ya ce kowanne sai an sa shi a jakar fatarsa, ba a ta wani ba, Hautot kuma ya goyi bayansa a kan wannan. Kafin su fito kasuwar Asabar ta cika.

Motar cuku ce, mai hoton saniya a jiki. Régis a sitiyari, Kawu a gefensa, Gaëtan a baya da agoguna cikin akwatunan cuku. Régis ya taka mai — sai birki! Mai turin kifi a gaba. Ya sake takawa — birki! Wata tsohuwa ta ƙwanƙwasa gilashi tana tambaya ko akwai cuku mai taushi.

"Ya ƙare, Mama!"

"Ina jin warinsa, ɗan banza!"

* * *

Matar Hautot ce ta dawo daga cefane ta kwance shi. Sajan Odile Varin ta iso da jandarmomi biyu.

"Su nawa ne, yallaɓai?"

"Uku. Ɗayan maƙaryaci ne."

"Ka ga fuskarsa?"

"Tsoho ne ɗan Saint-Nicolas. Wai ni na canza masa kaya. Ki rubuta, a haka na saye shi."

"Wace irin mota?"

"Madam, a ɗaure nake."

Ta tura mutum biyu Saint-Nicolas. Ta ce a tare hanyoyin fita. Amma motocin da ke barin Dieppe ranar kasuwa sun fi a bincike su ɗaya ɗaya, ta kuma faɗi haka.

Hautot yana murza wuyan hannunsa. "Da safen nan na murɗa musu makulli, dukansu, na saita su da rediyo. Ko a kabari aka sa su, sha biyu za su buga."

Varin ta dubi agogon hannunta. Ta fita da gudu.

* * *

A hanyar garin Eu, bayan gada, motoci sun yi layi. Jandarmomi na bin su suna buga rufi.

"Kashe mota! Kashe rediyo! Madam, rarrashi jaririn nan! Kai mai kare, riƙe masa baki!"

Régis ya sauke gilashi. Safar tana ƙarƙashin cinyarsa, bindigar tana ƙarƙashin kujera. "Ofisa, me ake nema?"

"Ba nema ake ba. Saurare za mu yi."

Da ya wuce, Kawu Prosper ya gyaɗa kai. "Yarinyar nan tana da kai."

"Wace yarinya?"

"Wadda ta shirya wannan. Saura kaɗan sha biyu, ɗan nan. Tara ne. Za a ji su har coci."

Régis ya juya ga 'yar tagar da ke tsakaninsu da baya. Gumi ya keto masa. "Gaëtan! Kashe su!"

"Ina makunnin, Oga?"

"Ba su da makunni, jaki," in ji Kawu.

"To in mayar da hannun baya, ya koma sha ɗaya?"

Tsohon ya juya gaba ɗaya. "Ka juya hannun agogo mai bugu baya, ni da kaina zan harbe ka da bindigar Oganka. Saurara. Uku suna da ɗan ƙarfe a gindi, ka tura shi gefe. Sauran ka buɗe ƙofar baya, za ka ga 'yar guduma. Ka ninke takarda ka sa tsakaninta da ƙararrawa. A hankali. Kamar kana taɓa idon jariri."

Aka ji motsi a baya. Aka ji zagi.

"Baba, takardar zamewa take yi! Yatsuna ba sa shiga!"

"Bari in zagayo."

"Ka zauna!" Régis ya riƙe masa riga. "Ga ta can tana tahowa!"

"Baba, wanne ne ma gindin?"

"Wayyo Allah," in ji Régis.

Can sai muryar Gaëtan, a natse: "Ku kwantar da hankali. Na samu dabara."

Varin ta tsaya a tsakiyar titi ta ɗaga hannu. Komai ya tsaya. Jandarmomi suka duƙa, kowa ya manna kunne a bayan wata mota. Ɗaya ya manna nasa a kan hoton saniyar. Wani manomi ya cire hula. Mai kare ya rungume karensa. Régis ya rufe ido, yana ganin gadon ƙarfen gidan yari da ya sani.

Daga nesa ƙararrawar coci ta fara. Ta yi sha biyunta ta gama.

A cikin motar cuku, ko ƙis.

Varin ta sauke hannu. Ta bi layin duk da haka. Ta buɗe bayan motar, warin ya mare ta. Ga Gaëtan zaune a tsakiyar akwatuna, hannu duk maiƙo, yana tauna.

"Barka da rana, Madam. A yanko miki?"

Ta rufe ƙofar. "Ku wuce."

Régis ya tayar da mota. Bakinsa har kunne. "Mun sha! Kawu, mun sha! Beljiyam, ga mu nan!"

Layin na tafiya a hankali. Kawu Prosper ya jingina. "Yaron nan, na raina ka," ya ce da tagar baya. "Ashe kana da hannu. Ko tik-tik ban ji ba."

Ya kasa kunne. Ya miƙe zaune.

"Me ya sa ban ji tik-tik ba?"

"Cuku ne, Baba. Na cika musu ciki. Da babban yatsa na danna, har lungu-lungu."

"Na kakana ma?"

"Shi ya fi ci. Curi guda da rabi ya shanye."

Régis ya fashe da dariya. Kawu bai yi ba. Ya cire tabarau, ya mayar.

"Gishiri ne da ruwa," ya ce. "Kafin jibi tsatsa ta kama ƙarfen ciki. Juya, mu je gida. In na kwance su yau na wanke, za su rayu."

"Gida? Jandarmomi na can suna shan kofi da maƙwabtanka."

"To mutumin naka yana da mai wankewa? Yau ɗin nan?"

"Kawu, wane wanki? Ɓoye su zai yi sai ƙura ta lafa. Wata shida, ko shekara."

"A ɗakin da danshi ba ya shiga."

"Wane ɗaki? Gareji ne a bakin kogi. Kai ma dai!"

Tsohon ya miƙa hannu kamar zai gyara madubi. Ya murɗe makulli ya zare. Motar ta yi tari ta mutu. Ya buɗe ƙofa ya sauka.

"Kawu! Kawu — dawo! Ba ni makullin nan!"

Bai waiga ba.

Régis ya zaro bindiga. "Na rantse zan harba!"

"Harba. Kai za ka gaya wa Marthe."

Na baya suka fara hon. Kawu Prosper yana tafiya a gefen titi, tafiyar mai ciwon ƙugu, har ya isa shingen jandarmomi. Varin tana naɗe igiya.

"Baba, lafiya?"

"'Yata, kina da fetur mai tsabta? Da burushin haƙori, ko tsoho ne."

Ta dube shi. Ta dubi motar saniya da ta toshe hanya. Ta busa usur.

Régis ya dira — ya tsallake shingen gona — ya faɗa cikin taɓo! Ya tashi, takalmi ɗaya ya zauna. "Tsaya! Tsaya!" Ya ci gaba da ƙafa ɗaya da safa ɗaya. Santsi ya kwashe shi — daram! Bindigar ta tashi da kanta, ta fasa allon da ke nuna hanyar Eu. Shanu suka watse. Jandarmomi uku suka zauna a kansa.

Gaëtan bai gudu ba. Ƙofar baya daga waje ake buɗe ta. An same shi yana ƙwanƙwasawa yana tambaya ko an iso.

Kawu Prosper ya riga ya naɗe hannun riga. Ya shimfiɗa hankicinsa a kan motar jandarmomi. "Ku fara miƙo mini wancan, mai jakar ja."

Varin ta buɗe shi, ta ga abin da ke ciki, ta rufe. Ba muguwa ba ce. Ta sa shi a leda ta ɗaure, ta buga hatimi.

"Yanzu kayan shaida ne, Baba. Babu mai taɓa su sai alƙali ya ce."

"Yaushe zai ce?"

"Ranar shari'a."

* * *

Shari'ar ta ɗauki fiye da shekara kafin a fara. An saki tsohon saboda shekarunsa, yana jira a gida. Duk Litinin ya hau bas da jakar kayan aikinsa, ya je ya roƙa. Duk Litinin a ce ya dawo. Da zafi ya shigo, ma'aikata suka yi ƙorafin wari, aka sauke ledojin zuwa ɗakin ƙasa, inda ruwa ke tsattsafowa ta bango.

Ina cikin kotun ranar da aka buɗe su. An fara buɗe tagogi. Tagullar ta koma kore, ƙarfen ya koma gari. Hautot ya nemi a rubuta cewa aikin Paris ne aka lalata. Kawu ya miƙe zai amsa, aka zaunar da shi.

Régis ya samu shekara goma sha biyu. Gaëtan huɗu, yayarsa kuma ta sayar da motar. Marthe ba ta ƙara yi wa yayanta magana ba, ko a jana'iza. Agoguna tara, babu wanda ya sake bugawa.

Kafin a yanke wa tsohon nasa hukuncin, alƙali ya tambaye shi ko ya yi nadama.

"Ƙwarai, ranka ya daɗe," ya ce. "Ni ya kamata in zauna a bayan motar."