Tayar Baya ta Hagu

Ƙofar gidan tela gangare ce, shi kuwa mutum ne mai gaggawa ko da ba inda za shi. Motarsa otomatik ce. In ya dawo daga shago da magariba, sai ya danna giya a P, ya ɗauke ƙafa daga birki, motar ta ɗan ja baya, ta girgiza, sannan ta tsaya. Birkin hannu kuwa bai san da zamansa ba. Bakanike ya yi magana har ya gaji.

Ran nan ya yi fakin yadda ya saba. Bai gama rufe ƙofar motar ba ya ji ihu daga cikin gida. Autarsa ce, 'yar shekara tara, ta zube a tsakar gida, ƙafarta ta hagu ta sandare kamar itace, idanunta sun kafe.

Ya sungume ta ya sa a kujerar baya, sai asibiti. Ya tada mota, ya taka birki, ya ja giya. Ta ƙi motsi. Ya sa hannu biyu, ya jijjiga, ya roƙe ta kamar mai ji. Sai tsakuwa ta fara sauka a kan rufin motar, ɗaya bayan ɗaya, alhali ba kowa a layin. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Matarsa ta fita a guje ba ko takalmi, ta dawo da malamin da ke bayan layinsu, mai yi wa mutane ruƙiya.

Malam ya durƙusa a bakin ƙofar motar yana karatu. An daɗe. Can yarinyar ta buɗe baki, amma muryar babbar mace ce, ta dishe da kuka.

"Ɗana yana ƙarƙashin tayarsa."

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Nan hanyarmu ce da magariba. Kullum mukan jira motar ta tsaya mu wuce. Sai ta tsaya, ta kuma ja baya. Yau ta kama shi."

"To ki sakar masa giyar ya janye."

"Ni na riƙe? Da ina iya ɗaga ƙarfen nan, da na tsaya jifa? Nauyinta ne ya danne. Ku ɗage masa, in fita. Amma yadda nawa ya tashi, haka taku za ta tashi."

Tela ya faɗi a gwiwa. "Don Allah baiwar Allah, ni na yi laifin. Ga ƙafata, ki ɗauka!"

"Taka ba za ta yi maka ciwo kamar tata ba."

Malam ya yi ta lallashi, ya haɗa ta da Allah, amma a banza. Dole aka kira maƙwabta. Suka sa kafaɗa a bayan motar, har da uwar yarinyar, suka tura ta sama kaɗan. Giyar ta fita da ƙara, ƙas! Jifa ya tsaya.

Auta ta yi atishawa, ta tashi zaune, ta nemi ruwa. Ta sauko daga motar da kanta, uwar tana ta hamdala. Tela kuwa ƙafar kawai yake kallo. Yarinyar ta taka ta dama, ta jawo ta hagu a ƙasa, ta tsaya tana mamaki. Ta sake gwadawa.

"Baba," ta ce, "zuwa gobe zai daina, ko?"