Igiyar Ƙararrawar Hazel

Ranar da aka binne mahaifiyar Rowena Tuckwell ita ce ranar da motar 'yan yawon buɗe ido ta ga damar tsayawa a ƙofar cocin Wickenbury. Mu mutanen ƙauyen mun saba da su. Da rana ta ɗan leƙo a watan Yuni sai su ɓarko daga birane, su ɗauki hoton ƙofofinmu, su leƙa tagoginmu, kai ka ce ba mutane ne a ciki suke cin abincinsu ba.

Rowena ta fito bakin ƙofar makabarta don kuka ya ci ƙarfinta. Shuɗiyar riga ce a jikinta, domin mahaifiyar tata, Hazel, ta bar wasiyya kada kowa ya sa mata baƙi. A saman hasumiyar cocin ƙararrawa shida na tashi, masu kaɗawa daga ƙauyukan kusa sun zo taya mu. An ɗaura musu fata a gefe guda kamar yadda muke yi wa mamaci, bugu ɗaya ya fito tangararau, na biye da shi ya dawo a shaƙe.

Wani saurayi dogo mai jaka a baya ya ɗaga waya sama yana ɗaukar sautin, bakinsa har kunne.

"Kai, garin nan akwai daɗi!" ya ce da ita. "Bikin wa ake yi? Ke ce ƙawar amarya?"

Ta dube shi da jajayen idanu. "Uwata ake binnewa."

Hannunsa ya sauko a hankali. Kafin ya samo abin cewa, mahaifinta Wilfred, wanda ya tsufa yana shugabantar masu kaɗa ƙararrawar garin, ya tsaya a bayanta.

"Ka gama ɗauka?" in ji tsohon. "Ko mu fito maka da akwatin shi ma ka haɗa?"

Saurayin ya sunkuyar da kai ya wuce, ko hanyar da yake bi ba ya gani.

Asabar ta zagayo, Rowena na goge tebur a shagon shayin da take aiki, sai ga shi a bakin ƙofa, ya riƙe hularsa a hannu.

"Sunana Kieran. Daga Leeds na taso. Ban zo shan shayi ba, na zo ne ki gani da idonki zan goge abin da na ɗauka. Tun ranar ban yi barcin kirki ba."

Ya miƙo wayar. Ta yi niyyar ta ce ya goge ya kama gabansa, sai ta ji bakinta ya faɗi wani abu daban.

"Kunna min."

Ya kunna. Ta zauna a kujera, ta toshe bakinta da tsumman goge tebur. Ranar jana'izar kunnenta bai ji komai ba, sai yanzu ta ji yadda aka yi wa uwarta ban kwana. Kieran ya tsaya ƙiƙam, bai taɓa ta ba, bai ce ta yi haƙuri ba, har ta gama kukanta.

"Kada ka goge," ta ce. "Turo min."

Haka lambarta ta shiga wayarsa.

Da farko gaisuwa ce kawai. "Kin ci abinci yau? Kada ki ce shayi, shayi ba abinci ba ne." Ita kuma ta mayar masa: "Ɗan yawo, ka fiye sa ido. Je ka ɗauki hoton tumaki." Kafin ganye ya fara zuba, Kieran ya san duk wata ƙofar gona da ke kan hanyar rafi, ya kuma koyi rufe kowacce a bayansa ba sai an yi masa tsawa ba. Rowena ta lura ranar Asabar takan tsaya gaban madubi fiye da kullum, ta kuwa ji kunyar kanta, ga uwarta ko shekara ba ta yi ba.

"'Yar ƙauyena," ya rubuto mata wata rana daga jirgin ƙasa, "na zo garinku kallon gidaje, na ɓige da barin zuciyata a shagon shayi. Ki ajiye min ita da kyau, ba ni da wata."

Ta karanta har ta haddace. Ta rubuta: "Tana nan kusa da tawa. Duk biyun sun ji jiki, amma suna lallaɓawa."

A ƙauye irin namu magana ba ta kwana. Wilfred ya ji, ya kuwa tare ta a kicin.

"Wannan mai wayar? Wanda ya yi wa gawar uwarki dariya?"

"Baba, bai sani ba ne."

"Su ai ba su taɓa sani ba. Su zo su kalle mu kamar kayan ado, su sayi gidajenmu su kulle sai rani, yanzu kuma 'yata. To ki ji da kyau. In kin aure shi, ba zan riƙe hannunki zuwa gaban fasto ba, kuma ƙararrawa ko ɗaya ba za ta motsa ba."

A Wickenbury auren da ba a kaɗa masa ƙararrawa ba, ko an yi shi mutane ba sa ƙirga shi. Amma ba wannan ne ya fi ci wa Rowena rai ba. Ita kaɗai ta rage wa tsohon. Tun bayan jana'izar Hazel ya naɗe igiyar ƙararrawar da take ja, ya ɗaure ta can sama, ya ce kada wanda ya kuskura ya taɓa. Ranar Lahadi su biyar suke kaɗawa, har da Rowena, kowa na jin giɓin da ke tsakani, ba mai magana. Mutumin da ke cikin wannan hali, ta yaya za ta juya masa baya? Ta kuma san ba za ta iya rabuwa da Kieran ba.

Da ta gaya masa, sai ya ce, "Ba zan raba ki da babanki ba, Ro. Zan jira."

Daga nan ne kuma ya sauya. Ya samu aiki a garin kasuwa da ke kusa, amma maimakon ta ƙara ganinsa, sai ya zama ranar Talata da Alhamis da yamma wayarsa a kashe. In ta tambaya ya ce aiki ne. Tafin hannunsa ya yi kanta, alhali aikinsa na kwamfuta ne.

Giles ne ya kawo mata labari. Ɗan babban manomin garin ne, yana cikin masu kaɗa ƙararrawa, kuma tun suna makaranta yake ganin Rowena tasa ce, jira kawai yake ta gane.

"Ɗan birninki yana da ƙoƙari," ya ce, yana juya cokali a kofi. "Na gan shi a ƙauyen ƙetaren rafi da wata mai jan gashi. Ba sau ɗaya ba. Har a mota yake rage mata hanya."

"Sha shayinka, Giles."

"Ni dai na faɗa. Irinsu in sun gama kallon wuri ɗaya, gaba suke yi."

Ta yi kamar ko a jikinta, amma da ta shiga bayan shago sai da ta dafa bango. Ta rubuta masa: "In ka gaji ka faɗa min da bakinka. Na binne uwa, ba abin da zan kasa ɗauka." Amsa ta zo nan take: "Ban gaji ba, ba zan gaji ba. Ki ba ni ɗan lokaci." Ba ta amsa ba. Makonni suka wuce yana kira tana kallon wayar.

A cikin wannan shirun ne Wilfred ya faɗi a lambu. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ya dawo daga asibiti hannun dama a sake, baki a karkace, aka sauko masa da gado falo kusa da taga. Likita ya ja Rowena gefe ya ce zuciyar ma ta gaji, kada ta sa rai da nisa.

Wata Talata ta kasa daurewa. Ta roƙi maƙwabciya ta zauna da tsohon, ta hau keke ta ƙetare rafi. Ta ga motar Kieran a gindin cocin ƙauyen. Daga sama ƙararrawa ɗaya ke bugawa, tana tuntuɓe kamar yaro mai koyon tafiya. Ta hau matattakala, ta leƙa. Ga Kieran ya jiƙe da gumi yana jan igiya, ga mace mai jan gashi, wadda ta haifi kamarsa, tana faman faɗa.

"Kada ka kalli sama! Sau nawa zan gaya maka? Ja har ƙasa!"

Da ya ga Rowena saura kaɗan igiyar ta ɗauke shi. Matar, Misis Abery, ta karɓe ta tana tsaki.

"Me ya sa ba ka gaya min ba?" in ji Rowena.

"Kunya. Kin ji dai yadda nake yi. So nake ranar da zan tsaya gaban babanki, in zama na san abin da na yi wa dariya."

Ta kama tafin hannunsa mai kanta ta kifa fuskarta a ciki.

Yuni ya dawo, ranar cikar Hazel shekara ta matso, ranar da za a sake kaɗa mata ƙararrawa. Wilfred ya daina cin abinci sosai. Wata safiya Rowena ta same shi yana kallon hasumiya, hawaye na bin gefen bakinsa.

"Ku huɗu," ya ce da ƙyar. "Bai kamata a yi mata da huɗu ba."

Da ranar ta yi, Misis Abery ta zo ta kama babbar ƙararrawar Wilfred. Saura ɗaya. Rowena ta jawo tsani, ta hau, ta kwance igiyar uwarta da hannunta.

"Kin san abin da zai yi miki?" in ji Giles.

"Na sani."

Ta miƙa wa Kieran. Fuskarsa ta yi fari fat. "Ro, in na ɓata fa?"

"Za ka ɓata. Ja kawai."

Suka kaɗa, shida cif, a shaƙe kamar bara. Mutane suka fito ƙofar gidajensu suka tsaya. Rowena na ja tana kuka, don ta san tagar falo a buɗe take, kuma babu bugun da zai wuce kunnen tsohon.

Ta dawo gida, ta shiga falo. Yana kwance, idonsa a rufe.

"Wa ya taɓa igiyar Hazel?"

"Ni na kwance, Baba. Kieran ya ja."

Ta durƙusa a gefen gadon, ta shirya jin ya ce ta fita masa daga gida.

"Yana makara," in ji Wilfred. "Kowane zagaye sai ya makara."

"Tun kaka yake koyo."

"Uwarki ma da ta zo garin nan haka take. Shekara guda ina mata faɗa." Ya ja numfashi. "Yana waje?"

Yana waje kuwa, a bakin ƙofar lambu. Ya shigo yana murza hula.

"Mista Tuckwell, abin da na yi bara..."

"Nuna min hannunka."

Kieran ya buɗe. Tsohon ya shafa kantar da yatsun hagunsa, ya daɗe yana shafawa.

"Riƙon banza aka koya maka. Ka zo gobe. Ka biya wajen fasto kuma, ya fara sanarwa ranar Lahadi. Ba ni da lokacin da za ku tsaya yanga."

Lahadi uku fasto ya yi yana sanar da auren kamar yadda aka saba, kowace Lahadi Wilfred na ƙara ramewa. Rowena ta ɗinka rigarta a gefen gadonsa. Wani lokaci takan ajiye allura ta tsaya kallon ƙirjinsa, sai ta ga ya motsa sannan ta ci gaba.

Daren jajibirin auren bai yi ba ma, tun da yamma Kieran ya rubuto: "Gobe in kin ga ina rawar jiki, ba tsoro ba ne. Ban taɓa zaton za a ba ni abu mai daraja haka ba." Ta mayar: "Ka zo da wuri, Ɗan yawo. A nan yawonka ya ƙare."

Ranar auren aka cire wa ƙararrawa fatun, masu kaɗawa suka zo daga ƙauyuka uku, Giles ma ya kama igiyarsa. Aka turo Wilfred a keken marasa lafiya har ƙofar coci. Nan ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Ba a keke zan kai 'yata ba."

"Baba, likita ya ce..."

"Likita ba shi da 'ya a nan. Ɗaga ni."

Ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hannunsa. Suka shiga, yana jan ƙafa, ita ce ke ɗauke da shi, amma duk wanda ke cocin ya san wa ke kai wa. Mai kiɗa ya gama waƙarsa ya sake farowa. Ba wanda ya yi tari. Rowena na jin ƙasusuwansa ta cikin kwat, tana jin yadda ya zama ba nauyi, ta cije leɓe don kada kukanta ya kayar da su duka biyu.

Da suka isa gaban fasto, Wilfred ya kamo hannunta da hagunsa, ya laluɓo na Kieran, ya haɗa su. Maganar ta fito a karkace, amma har kujerar baya an ji.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku tsawon zaman da ni da Hazel muka so ƙari. Kai kuma, ɗana, ka riƙe ta da kyau. Ni hannuna ya daina riƙo."

Kieran ya riƙe. Da ɗaya hannun ya tallafo tsohon, suka zaunar da shi a kujerar gaba, sannan fasto ya share idonsa ya buɗe littafi.