Gemun Kaka da Fiffiken Jirgi

A wani zamani can, wata yarinya mai suna Tasalla ta sami kyautar ɗan jirgin yaƙi na roba, gunduwa-gunduwa a kwali. Takardar ciki ta ce a shafa gam, a jira ya bushe.

Kakanta kuwa, mai gemu har ƙirji, bai san jira ba. Ya ce, "Kawo nan, amarya. Ni da na taɓa ɗinke jirgin gaske da zare!"

"Kaka, sai ya bushe."

"Ai ya bushe!"

Ya sunkuya yana hurawa, sai fiffike ya manne a gemu. Aka ja, ya ƙi. Aka jiƙa, ya ƙi.

Tasalla ta dubi jirginta mai fiffike ɗaya, idonta ya kawo ruwa. Kaka ya shafa gemun shekara arba'in, ya ce, "Miƙo almakashi."

Ta haɗa, ta jira. Ta shafa fenti kore da ruwan ƙasa. Da ta ɗaga jirgin, kajin gidan suka watse, sun zaci shirwa ce.

Kaka ya miƙa hannu, sai ya tsaya. "Ya bushe, amarya?"

"Tukuna, ango mara gemu!"