Motar da Ta Ƙi Ɗumi

Ƙarfe ukun rana ne, amma a Alta, can ƙuryar arewacin duniya, tsakiyar hunturu, gari ya riga ya yi duhu. Oddvar bakanike ya fita gwada motar lantarkin Gunvor a hanyar bakin teku. Ta ce tun rasuwar mijinta Eilif cikin motar ya ƙi ɗumi.

Ya duba wayoyi, lafiya lau, batir kuma cike. Ya murɗa na'urar ɗumamawa har ƙarshe. Iska mai zafi na dukan hannunsa, amma haƙoransa sai kaɗawa suke.

"Ke dai motar nan akwai taurin kai!" in ji shi.

Sai allon gaba ya hau ƙara, wai na kujerar baya bai ɗaura bel ba, alhali shi kaɗai ya shigo motar. Gilashi ya yi ƙanƙara ta ciki.

"Ƙara wutar, maigyara," in ji wata murya daga baya.

Kafin ya waiga, wani hannu ya damƙi ƙeyarsa ya buga fuskarsa da sitiyari. Hanci ya fashe. Aka sake bugawa, haƙori ya faɗo cinyarsa, jinin ya daskare tun bai kai haɓa ba. Motar ta daki shingen ƙarfe ta tsaya.

"Don Allah, wane ne?" in ji Oddvar.

Yatsun da suka shaƙe shi baƙaƙe ne ƙirin, irin na wanda sanyi ya cinye.

"Eilif ne. Bara ma na kawo maka ita," in ji muryar, dab da kunnensa. "Ka kashe jar fitilar gargaɗi ba tare da gyara ba, ka ce in hau dutse, ƙalau take. Kwana biyu na yi cikin dusar ƙanƙara ina jiran ta yi ɗumi. Yanzu sai mu jira tare."